Rigimar Mudu a Kasuwar Zumunta

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa awon hatsi a gari biyu ya san mudu sunansa ɗaya ne, amma cikinsa ba ɗaya ba. Abin da aka auna aka kira mudu goma a wannan kasuwa, in aka kai shi waccan aka sake awo, sai a tarar ya ragu ko ya ƙaru, mai saye da mai sayarwa su yi ta gardama alhali kuwa babu wanda ya cuci wani a cikinsu. Haka kuma almajirin da ya tashi da rubutun Magariba ya saba ganin fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a bisa. Ran da ya fara buɗe littafi bugun Misira, sai ya iske mai ɗigo ɗaya a bisa fa ce, ƙaf kuwa ɗigo biyu gare ta. Haruffa suna nan yadda suke, ittifaƙin masu rubutu ne ya saɓa.

Irin wannan saɓani ne ya shiga tsakanin masu dandalin sada zumunta na intanet, watau su Facebook da X da Instagram da 'yan uwansu, tun shekarar 2007, har yanzu kuwa bai ƙare ba. Mas'alar ita ce, da wane mudu za a auna in ana so mutumin da ke wannan dandali ya yi magana da na wancan, ko kuwa ya kwashe kayansa ya ƙaura. A zahiri magana ce ta masu ilmin kwamfuta kaɗai. Amma wanda ya bi ta a hankali zai ga ƙarshenta ya komo kan abin da kowane attajiri ya sani, watau littafin abokan ciniki, da wanda yake riƙe da shi.

Asalin Mas'alar

Mai karatu ya lura da abu biyu da aka saba da su har aka daina mamakinsu. Na farko wasiƙar imel. Mai Gmail yakan rubuta wa mai Yahoo, wasiƙa ta isa ba tare da wani ya nemi izni ba, domin tun shekarar 1982 wani masani a Amurka, Jon Postel, ya rubuta ƙa'idar da ake kira SMTP, wadda ta bayyana yadda kwamfuta za ta miƙa wa kwamfuta wasiƙa, kowa ya bi ta, ba wanda ya mallake ta. Na biyu wayar hannu. Mai layin MTN yakan kira mai layin Glo, su yi cinikinsu su gama. Tun watan Afrilu na 2013 kuma hukumar sadarwa ta Nijeriya ta ba da dama mutum ya bar kamfani ya koma wani da lambarsa ta dā, don kada abokan hulɗarsa su neme shi su rasa.

Dandalin sada zumunta ba a gina su bisa wannan hanya ba. Kowanne gari ne mai ganuwa da ƙofa ɗaya. Wanda ke Facebook ba ya iya bin wanda ke X, wanda ke TikTok ba ya iya amsa wa wanda ke Instagram, sai ya shiga can ya buɗe sabon suna, ya fara tara jama'a daga farko. Abu uku ne dandali ke riƙe wa mutum: sunan da aka san shi da shi, da jerin mutanen da ke binsa da waɗanda yake bi, da abin da ya rubuta ko ya ɗora na hoto da murya. Na tsakiyar shi ne mai tsada.

Fataken dā sun san misalin wannan. Falke yakan sauka a gidan fatoma, fatoma ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. To, a ƙaddara fatoman ya ce masauki kyauta ne, amma sunayen masu saye duk a littafinsa suke, ran da baƙo ya sauya masauki ba zai fita da ko suna ɗaya ba. Baƙon nan ko an ɓata masa rai ba zai tashi ba, domin tashi hasara ce. Dukiyar manyan dandali a nan take. Jama'a sun taru don 'yan uwansu na ciki, ba su iya fita don 'yan uwansu na ciki, masu talla kuwa suna biyan kuɗi don su sami wannan taro.

Karon Farko

A watan Mayu na 2007 kamfanin Facebook ya buɗe wa masu ƙirƙirar manhaja ƙofa, su gina wasanni da ƙananan ayyuka a cikin dandalinsa, amma da mudunsa, wanda ba ya aiki a ko'ina sai can. Kamfanin Google ya ga in aka bar abin haka, kasuwa za ta tattara a gida ɗaya. Sai a farkon Nuwamba na wannan shekara ya fito da ƙa'ida mai suna OpenSocial, ya ce a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowane dandali. MySpace, wanda shi ne babba a Amurka a lokacin, ya shiga, haka LinkedIn da Hi5 da Friendster da Orkut na shi Google ɗin kansa. Yahoo ya biyo baya a watan Maris na 2008. Facebook ya ƙi.

A watan Janairu na 2008 aka yi wani abu da ya fito da mas'alar fili. Wani sanannen marubuci kan sha'anin kwamfuta, Robert Scoble, ya yi amfani da wata manhaja ta kamfanin Plaxo don ya kwafe sunaye da adireshin abokansa wajen 5,000 daga Facebook. Kamfanin ya rufe masa shafi, sa'an nan ya mayar masa bayan hayaniya ta tashi. Mutane suka rabu biyu. Waɗansu suka ce abokansa ne, shi ya tara su. Waɗansu suka ce adireshin na masu shi ne, sun nuna masa ne a gida ɗaya, ba su ba shi iznin kai wa wani kamfani ba.

Da watan Mayu na 2008 ya kama, cikin kwana biyar aka yi shela uku. MySpace ya sanar da tsarinsa mai suna Data Availability, washegari Facebook ya sanar da Facebook Connect, bayan kwana uku Google ya fito da Friend Connect. Kowanne ya ce mutum zai iya zuwa waɗansu shafuna da sunansa da abokansa. Amma kowanne yana nufin littafin ya zauna a gidansa, sauran su riƙa zuwa suna leƙawa. Mako bai cika ba Facebook ya toshe wa Friend Connect hanya, bisa hujjar cewa yana miƙa bayanan mutane ga waɗansu ba da saninsu ba. A watan Nuwamba na 2010 Google ya rama, ya sa sharaɗi cewa duk mai ɗiban adireshi daga Gmail sai ya yarda a ɗiba daga nasa.

Taron dangin nan bai ci nasara ba. MySpace, wanda aka saya dala miliyan 580 a 2005, an sayar da shi wajen dala miliyan 35 a 2011. Google ya janye Friend Connect daga yawancin shafuna a 2012, ya rufe Orkut a 2014. Ragowar aikin OpenSocial aka miƙa wa majalisar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin shafunan intanet, a farkon 2015. Facebook Connect kuwa ya bazu, har ya zama shafuna da yawa mutum na shigarsu da sunansa na Facebook. Darasin da aka ɗauka shi ne, yawan masu sa hannu a takarda ba shi ke tsayar da mudu ba. Mudun da babbar kasuwa ke awo da shi, shi jama'a ke bi.

Hujjar Masu Rufe Ƙofa

Adalci ne a saurari ɓangare na biyu, domin hujjarsu ba ta banza ba ce, ko da son kai ya gauraya da ita. Son kan ya bayyana a watan Janairu na 2013, sa'ad da Twitter ya fito da manhajar bidiyo mai suna Vine, Facebook ya yanke mata hanyar neman abokai a ranar da ta fito. Takardun cikin gida da majalisar dokokin Ingila ta bayyana a Disamba na 2018 sun nuna shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya amince da wannan da kansa.

Amma gaskiyar da ke cikin hujjar ita ma ta bayyana. Shekaru da dama Facebook yana barin manhajar da mutum ya shiga ta ɗebi bayanansa har da na abokansa. Wani malamin jami'ar Kambirij, Aleksandr Kogan, ya yi wata manhaja ta tambayoyi, mutum wajen 270,000 suka shiga, ta hanyarsu aka kai ga bayanan mutanen da kamfanin ya ce za su iya kai miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai aikin yaƙin neman zaɓe. Asiri ya tonu a watan Maris na 2018. A Yuli na 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Nan ƙullin mas'alar yake. Zumunci igiya ce mai baki biyu, ɗaya a hannun mutum, ɗaya a hannun abokinsa. Wanda ya ce zai tafi da littafinsa yana da haƙƙi, amma sunayen da ke ciki amana ce ta waɗansu. In an kulle ƙofa, fatoma ya mallake baƙo. In an wangale ta ba tsari, ɓarawo ya shiga da rigar baƙo. Saboda haka masu neman ƙa'ida ta gaba suka sake dabara. Maimakon a kwafe sunaye daga gida zuwa gida, a sa gidajen su riƙa magana da juna, kowa ya zauna inda yake so, igiya ta miƙe ta kan katanga.

Ƙa'idoji Uku Masu Takara

Ta farko ita ce ActivityPub. Asalinta daga aikin Evan Prodromou ne, wanda ya kafa dandalin Identi.ca a 2008, da wata ƙa'ida da ta gabace ta mai suna OStatus. Majalisar W3C ta tabbatar da ita ranar 23 ga Janairu, 2018. Tsarinta tsarin gidan waya ne. Kowane mutum yana da akwatin shiga da akwatin fita a babbar kwamfutar gidan da ya zaɓa. In ya yi rubutu, gidansa ya duba jerin masu binsa, ya aika wa kowane gida kwafi, gidan ya saka a akwatin mutanensa. Adireshi kashi biyu ne kamar na imel, sunan mutum da sunan gida. Dandalin da ya fi shahara da ita shi ne Mastodon, wanda wani saurayi a Jamus, Eugen Rochko, ya fito da shi a 2016. Akwai kuma Pixelfed na hotuna da PeerTube na bidiyo, mai ɗaya yana iya bin mai ɗayan.

Fa'idarta ita ce ƙungiya ko makaranta ko mutum ɗaya na iya kafa gida da kuɗi kaɗan, ya sa dokokinsa, ya yanke hulɗa da gidan da ba ya tsawata wa mutanensa. Aibinta shi ne sunan mutum a ɗaure yake da sunan gida. A Mastodon mai ƙaura yana tafiya da mabiyansa, amma rubuce-rubucensa na dā suna zama a baya, sa'an nan dole tsohon gidan ya kasance da rai ya sallame shi. In mai gida ya gaji ya kashe kwamfuta dare ɗaya, baƙi sun tashi ba suna.

Ta biyu ita ce AT Protocol, ta dandalin Bluesky. A Disamba na 2019 Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, ya ce kamfaninsa zai ɗauki nauyin masu bincike su tsara buɗaɗɗiyar ƙa'ida. A 2021 aka ɗora Jay Graber a kan aikin, ya zama kamfani mai zaman kansa. Mutanen nan sun duba ActivityPub suka ce ba ta biya musu bukata ba, musamman wajen ƙaura. Sai suka raba aikin uku. Akwai rumbu, inda ake ajiye duk abin da mutum ya rubuta, da hatimin da ke shaida nasa ne. Akwai mai tattarawa, wanda ke zagaya rumbuna yana haɗa sabon abu wuri ɗaya. Akwai kuma mai baje koli, watau manhajar da mutum ke dubawa. Sunan mutum na asali wata lamba ce da ba ta sakewa, saboda haka yana iya ɗauke rumbunsa ya kai wani gida, mabiyansa da rubutunsa su bi shi. An buɗe Bluesky ga kowa a Fabrairu na 2024, a Nuwamba na wannan shekara masu rajista suka wuce miliyan 20.

Masu suka suka ce, rumbu kam kowa na iya ginawa, amma baje kolin kasuwa duka aiki ne mai cin kuɗi, mafi yawan jama'a kuma a gidan kamfanin ɗaya suka zauna, kundin lambobin sunaye ma kamfanin ne ya kafa shi. Watau ƙofa a buɗe take, amma gari ɗaya ne babba. A 2025 kamfanin ya gabatar da wani sashe na ƙa'idar ga majalisar IETF, wadda ke kula da ƙa'idojin intanet irin na imel, don kada a ce mudun gida ɗaya ne.

Ta uku ita ce Nostr, wadda wani mai ɓoye sunansa da laƙabin fiatjaf ya fara a 2020. A nan babu mai gida sam. Mutum yana da makulli biyu na lissafi, ɗaya na bayyane wanda shi ne sunansa, ɗaya na sirri wanda yake buga hatimi da shi. Yakan aika rubutunsa ga tashoshi da yawa, in wata ta ƙi karɓa wata ta karɓa. Ba mai iya kore shi. Amma in makullin sirri ya ɓace ko aka sace, babu ofishin da zai kai kuka, sunan ya tafi ke nan. Jack Dorsey ya ba wannan aiki gudummawa a Disamba na 2022, ya kuma bar majalisar gudanarwar Bluesky a 2024.

Ga ƙa'idoji uku, duk suna kiran a haɗu, amma ba su jin harshen juna. Kowacce ta amsa tambaya ɗaya ce da amsa dabam, watau wa za a amince wa da sunan mutum. Ta farko ta ce mai gidan da ya zaɓa. Ta biyu ta ce lambar da ke binsa duk inda ya je. Ta uku ta ce shi kansa, riba da hasara duk nasa.

Gada da Shinge

Abin da ya hura wa takarar wuta shi ne cinikin Twitter. A Oktoba na 2022 Elon Musk ya saye shi dala biliyan 44, daga baya ya sake masa suna X. A farkon 2023 aka toshe manhajojin waje da mutane suka daɗe suna shiga da su, aka sa kuɗi mai yawa a kan ƙofar da dā kyauta ce. Jama'a da dama suka nemi tashi, a nan suka gane ba su da abin ɗaurin kaya.

Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya fito da Threads a Yuli na 2023, ya sami mutum miliyan 100 cikin kwana biyar, domin ya jawo su ne daga Instagram da jerin abokansu. Ya yi alkawarin bin ActivityPub, a Maris na 2024 kuma ya fara barin waɗanda suka nema a Amurka da Kanada da Japan su riƙa aika rubutunsu zuwa Mastodon. Wanda ya ƙi OpenSocial a 2007, ga shi ya zo da kansa. Amma masu ƙananan gidaje da yawa suka yi alkawari tsakaninsu za su rufe masa ƙofa. Hujjarsu tarihi ce. Google Talk ya fara a 2005 bisa buɗaɗɗiyar ƙa'idar hira mai suna XMPP, jama'a suka taru a cikinsa, sa'an nan a 2013 Google ya koma wani tsari nasa wanda ba ya magana da na waje, ƙananan gidaje suka wayi gari abokansu sun ɓace. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tsakanin ƙananan ma ba a rasa rigima ba. Wani masani, Ryan Barrett, ya gina gada mai suna Bridgy Fed don mai Mastodon da mai Bluesky su ga juna. Da ya sanar a Fabrairu na 2024 cewa kowa na kan gadar sai wanda ya ce a cire shi, mutanen Mastodon suka yi masa ca, suka ce ba su yarda a kai maganarsu wata kasuwa ba da izninsu ba. Ya sake tsari, ya zama sai wanda ya nema. Gardamar da aka yi kan Scoble ce ta komo bayan shekara 16, ba ta tsufa ba.

Hannun Hukuma

Inda 'yan kasuwa suka kasa daidaita mudu, sarkin kasuwa ake jira. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ba mutum haƙƙin karɓar bayanansa a siffar da kwamfuta ke iya karantawa, ya kai inda ya so. A Yuli na wannan shekara Google da Facebook da Microsoft da Twitter suka sanar da aikin haɗin gwiwa na sauƙaƙa kwashe kaya, Apple ya shiga a 2019. An sami sauƙin kwashe hotuna da makamantansu. Amma wanda ya sauke kundinsa daga Facebook sunayen abokai kawai zai gani a rubuce, igiyar da ta haɗa su ba ta cikin kundin.

Sai Tarayyar Turai ta ƙara wata doka ta kasuwannin intanet, wadda ta hau kan manyan kamfanoni a Maris na 2024. Ta wajabta wa WhatsApp da Messenger su buɗe hanya ga manhajojin saƙo na waje in sun nema, a cikin ƙasashen Tarayyar. Wajibcin ya tsaya ga saƙo, bai kai ga dandalin zumunta ba. Jihar Yuta ta Amurka ta zarce nan, ta yi doka a 2025 wadda ta nemi dandali su bar mutum ya fita da jerin abokansa ta buɗaɗɗiyar ƙa'ida, aka sa 1 ga Yuli, 2026 ranar fara aikinta. A Nijeriya ma dokar kare bayanai ta 2023 ta ambaci haƙƙin ɗaukar bayanai daga wannan hannu zuwa wancan.

Abin da Ya Shafi Malami da Ɗan Kasuwa

Kada a ce wannan faɗan Turawa ne a ƙasarsu. Mai atamfa a Kantin Kwari da ke nuna kaya a Instagram, da mai turare da ke karɓar oda a WhatsApp, da malamin da ɗalibansa ke sauraron karatunsa a Facebook daga Maraɗi har Kumasi, duk baƙi ne a gidan fatoma. An ga misali sau biyu a shekara ɗaya. Daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, kwana 222, waɗanda kasuwarsu ke can suka rasa hanyar masu sayensu. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya wajen sa'a shida, saboda kuskuren da aka yi a cikin na'urorin kamfanin. Gida uku ne a ido, amma mai su ɗaya ne, tushensu ɗaya. Ban da waɗannan, akwai wanda za a rufe wa shafi bisa kuskure ko ƙarar mahassada, ya rasa wanda zai yi wa bayani da harshensa.

Saboda haka duk sa'ad da wani dandali ya yi shelar cewa ƙofarsa a buɗe take, akwai tambaya uku da za a auna shi da su. Shin mai fita yana fita da sunansa? Shin mabiyansa za su ci gaba da jinsa ba sai sun bi shi sabon gida ba? Shin in mai gida ya ƙi, ko ya mutu, ƙaurar tana yiwuwa? Tsare-tsaren 2008 sun faɗi a duka ukun. ActivityPub ta ci ta biyu. AT Protocol da Nostr sun yi ƙoƙarin cin duka, kowacce da tsadarta. Manyan dandalin da jama'ar ƙasar Hausa suka fi zama a ciki kuwa, watau Facebook da Instagram da TikTok, ba su bin ko ɗaya daga cikin ƙa'idojin nan uku.

Kafin masu mudu su daidaita, hanyar tsira tsohuwa ce. Ɗan kasuwa ya nemi lambar wayar abokin cinikinsa da yardarsa, ya rubuta a littafin da ke hannunsa, domin lambar waya ita ce sunan da doka ta riga ta ba shi ikon ƙaura da shi. Malami ya ajiye asalin karatunsa, na murya da na rubutu, a wurin da yake da makulli, abin da ke dandali ya zama kwafi. Wanda ya sami hali ya buɗe masauki na biyu tun na farko bai kama da wuta ba, ya sanar da jama'arsa inda yake. Magabata sun ce gida biyu maganin gobara. Wanda kuma aka ba lamba ko adireshi ya tuna amana ce, kada ya zuba ta cikin kowace manhaja da ta ce a ba ta jerin abokai, domin ta wannan ƙofa aka shiga gidan mutum miliyan 87.